Amsa ga ƙanwata mai tambaya kan auren AS da AS

Assalamu alaikum. Ƙanwata da kika turo tambaya ba suna, tun da safe na ga saƙonki, aiki ne ya hana ni zama sai yanzu. Ga waɗanda ba su gani ba: ta ce ita AS ce, wanda zai aure ta shi ma gwaji ya nuna AS, an riga an kai gaisuwar iyaye, ana shirin sa rana. Yayar saurayin ta ce mata ta kwantar da hankalinta, su ma iyayensu duka AS ne amma sun haifi shida babu mai sikila, kuma wai ɗa na huɗu ne kaɗai ke zuwa da ita, ga shi ma Turawa sun samo magani. Tana son a gaya mata gaskiya.

Ni ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ce a nan Jos, na daɗe ina auna jini, kuma ɗan yayata mai sikila ne, a gabana ya girma. Abin da na sani zan faɗa miki, ba don in tsorata ki ba.

Maganar ɗa na huɗu ba ta da tushe ko kaɗan, kuma ta jefa gidaje da yawa cikin wahala. Ga yadda abin yake. A cikin jajayen ƙwayoyin jininmu akwai wani sinadari, himogulobin, shi ke ɗauko iskar oksijin daga huhu ya rarraba wa jiki. Umarnin yadda za a ƙera shi a rubuce yake cikin ƙwayoyin gado, kuma kowa yana da kwafi biyu na wannan umarni, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ke kina da A da S, shi ma haka. Duk lokacin da ciki ya shiga, ɗaya kawai za ki bayar cikin biyun nan, shi ma ɗaya, kuma ba wanda ke zaɓa a cikinku. Idan A ta haɗu da A, yaro AA ne. A da S, ko ta wane ɓangare suka zo, AS ne irinku. S da S kuwa sikila ce. Don haka kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS, kashi 50 na AS, kashi 25 na AA.

Kowane ciki, ƙanwata. Na fari ma haka, na goma ma haka. Mahaifa ba ta riƙe lissafin abin da ta haifa a baya. Kin san gidan da aka jera mata shida ba namiji, alhali kowane ciki rabi da rabi ne. To haka wannan ma yake. Na auna jinin yaran gida ɗaya inda uku na farko duk SS ne, na kuma ga gidan da aka tsallake gaba ɗaya.

Idan aka bi lissafin har ƙarshe, ma'aurata AS da AS da suka haifi huɗu, yiwuwar a samu aƙalla ɗaya mai sikila ta kai kusan kashi 68 cikin 100. Idan shida ne ta haura kashi 80. Kin ga ke nan gidan su saurayinki, in har labarin haka yake, suna cikin 'yan ƙalilan da suka tsallake, kuma tsallakewar iyaye ba ta bin 'ya'ya. Ni dai da zan zauna da yayar tasa, tambaya biyu zan yi mata cikin ladabi. Su Baba da Mama sun taɓa yin gwajin da gaske, ko don an ga yara AS ne aka ɗauka duka biyun haka suke? Ai uba ko uwa ɗaya mai AS ya isa a samu yara AS. Sannan shida aka haifa, ko shida ne suka rayu? A da yara da yawa sun rasu kafin su kai shekara biyar, a ce shawara ce, ko zazzaɓi, ko a ce uwar wabi take yi, ba wanda ya auna jininsu.

Abin da har yau yake ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar abin da ya haddasa duk wannan. Rubutun gadonmu harafi ne kusan biliyan uku, amma sikila harafi ɗaya ne tak ya sauya, a kan kuromosom na 11, ɗaya daga cikin ƙunshin da ke ɗauke da rubutun gadon: inda ya kamata a karanta GAG sai aka samu GTG. Wannan ya canza ɗigo na shida a cikin sarƙar himogulobin mai ɗigo 146. Da zarar wannan himogulobin ta sauke oksijin sai ta manne da 'yan uwanta, su yi dogayen sanduna masu tauri, ƙwayar jinin da take zagayayya mai laushi ta lanƙwashe ta koma siffar lauje, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi. Ciwon ƙashi ke nan. Ƙwayar jini lafiyayya takan yi kwana 120, ta sikila kuwa daga 10 zuwa 20 ta fashe, shi ya sa jini ba ya isarsu, ido ya yi rawaya. Wani likita a Chicago, James Herrick, shi ya fara bayyana ta a rubuce a 1910, Linus Pauling ya nuna a 1949 cewa matsalar a jikin himogulobin take, sai Vernon Ingram ya gano ainihin ɗigon a 1957 a Ingila. Dalilin yawanta a wurinmu kuma sauro ne: a 1954 Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa yaro mai AS ya fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Kakanninmu masu AS suka fi rayuwa suka hayayyafa, shi ya sa yau kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya na ɗauke da S, kuma an kiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila duk shekara a ƙasar nan, fiye da kowace ƙasa a duniya. Ba laifin kowa ba ne, ba kuma asiri ba ne. Ina jaddada wannan ne saboda na sha ganin dangin miji sun ɗora wa matar, suna cewa daga gidansu ta kwaso. Babu yaron da zai zama SS sai ubansa ya ba shi S ɗaya.

Kafin ki yanke komai, ku sake gwajin, ku biyun, a babban asibiti mai sashen cututtukan jini. A nan na fi damuwa, domin takardun da ake kawo mana suna cin karo da juna fiye da yadda mutane ke zato. Gwajin da aka fi yi, ana ɗiga jinin ne a kan wata 'yar farar takarda mai laushi, a sa ta cikin na'ura, a kunna lantarki. Kowace irin himogulobin da saurin tafiyarta: A ce a gaba, S a bayanta, wata iri kuma mai suna C can baya kusa da inda aka ɗiga. Idan aka gama sai ki ga jajayen layuka, a gwada su da jinin da aka riga aka san nau'insa. In wuta ta ɗauke a tsakiya, ko ruwan na'urar ya tsufa, ko ba a sa jinin gwadawa a gefe ba, layukan sai su cakuɗe, mai karantawa ya rubuta abin da ya ga ya fi kusa. Ku nemi wanda ake kira HPLC, ya fi tsada amma yana fitar da kason kowace iri da lamba. Idan ɗayanku an yi masa ƙarin jini cikin wata ukun da suka wuce, a jira, domin jinin wani za a karanta. Kada kuma a rikita shi da rukunin jini, wato su O da A da B, wannan daban ne. Ga sauran 'yan uwa da ke karantawa, AC ma ba a sakaci da ita: AS da AC na iya haifar SC, ita ma sikila ce, ko da sau da yawa ta fi SS sauƙi.

Jinotaif, wato kasancewar mutum AA ko AS ko SS, ba ya canzawa. Wanda ya ce miki ya sha wani haɗi ya koma AA, ɗaya daga cikin gwaje-gwajensa biyu ne aka yi kuskure.

Ɗan yayata lafiya ƙalau aka haife shi, mulmul, har muna cewa an tsallake. Jarirai na zuwa ne da wata himogulobin ta cikin ciki, F, wadda ba ta lanƙwashewa, ita ke rufa musu asiri har wajen wata shida. Da tasa ta ja baya, wata safiya ya tashi bayan hannayensa da ƙafafunsa sun kumbura sumtum, da zafi, ko zani ya taɓa sai ya ƙwalla ƙara, nono ma ya ƙi kamawa. Tun daga nan jakar uwarsa ba ta taɓa zama a kwance ba: filas na ruwan ɗumi, katin asibiti, rigar sanyi, ma'aunin zafin jiki. Kin san sanyin Jos a Disamba da Janairu. Lokacin da sauran yara ke murnar hutu, ita lokacin fargabarta ke nan, domin sanyi da ƙarancin ruwa a jiki su ke tayar da ciwon. Ta san duk inda ake samun mai ba da jini da tsakar dare. Sana'arta ta ɗinki sau da yawa sai ta mayar wa mutane kayansu.

Amma ba zan ɓoye miki ɗaya ɓangaren ba. Yaron nan yanzu saurayi ne, yana jami'a, ya fi mu duka barkwanci, ba kuma na yarda a kira shi abin tausayi. Kulawa ta sauya sosai. Idan an gano da wuri, aka sa yaro kan maganin kariya daga ƙwayoyin cuta har shekara biyar, aka cika rigakafi, aka kare shi daga sauro, aka ɗauki duk zazzaɓi a matsayin abin gaggawa, yawancinsu suna girma. Akwai hydroxyurea, ƙwaya ce da ke sa jiki ya ƙara yin waccan F ta jarirai, tana rage tashin ciwo da yawan ƙarin jini. Shi kansa tun da likita ya ɗora shi a kai kwanciyar asibiti ta ragu. Akwai hoton jijiyoyin kai da ake yi wa yara daga shekara 2 zuwa 16 don gano wanda ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, kuma binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ya nuna hydroxyurea na kare irin waɗannan yara. Jami'ar Abuja ma tana da cibiya ta musamman kan binciken sikila. Sai dai duk wannan kulawa ce ta tsawon rai, da kuɗi duk wata, ba warkewa ba.

Maganin Turawan da aka ce miki, akwai shi. Sunansa Casgevy, Birtaniya ta amince da shi a Nuwamba 2023, Amurka a Disamba. Ana ciro ƙwayoyin ɓargon mara lafiya, a yi amfani da fasahar gyaran ƙwayoyin gado mai suna CRISPR a kashe makunnin da ke rufe F bayan haihuwa, a mayar masa. Farashin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, kuma kafin a mayar sai an ba shi magani mai ƙarfi irin na masu cutar kansa don share tsohon ɓargo, wanda kan iya hana haihuwa. Dashen ɓargo shi ma yana warkarwa, an fara yin sa a Najeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, amma ya fi nasara idan akwai ɗan uwa uwa ɗaya uba ɗaya da ɓargonsu ya dace, ga miliyoyi, ga haɗari. Wanda ya warke ta kowace hanya cikin biyun nan ma zai ci gaba da gadar wa 'ya'yansa S, domin jininsa aka gyara, ba ƙwayar haihuwarsa ba. Ina murna da wannan ci gaba har cikin zuciyata, amma ba zan ce wa ƙanwata ta gina gida a kansa ba.

Akwai masu hali da ke bin hanyar haɗa ƙwai a ɗakin gwaji, a auna kafin a dasa a mahaifa. Ana yi a Abuja da Legas, da tsada, kuma ba kowane dashe ke kamawa ba. Akwai kuma gwajin ɗan tayi a watannin farko, sai dai abin da za a yi da sakamakon magana ce ta addini mai nauyi, malami masani za ku tambaya, ba ni ba.

Idan sakamakon ya sake fitowa AS da AS, ra'ayina ba zan rufe miki ba: da 'yata ce zan roƙe ta ta haƙura. Na san ba ƙaramin abu ba ne, ga so, ga kunyar iyaye, ga bakin mutane. Amma kayan gaisuwa ana mayarwa, kuma manya sun fara fahimta. Jihar Kano ma a 2024 ta kafa dokar da ta wajabta gwaji kafin ɗaurin aure, har da na jinotaif. Rai da lafiya na hannun Allah, babu musu, shi ne kuma ya hore mana wannan sani. Kada ki ɗauki nauyin faɗa wa iyaye ke kaɗai, ki samu gwaggo ko kawun da ake jin maganarsa, ki nuna masa takardar. In kuma kun zaɓi ci gaba, ba zan zage ki ba, amma ku shiga da shiri: a auna kowane jariri tun yana ɗanye, kada a jira kumburi.

Roƙona ɗaya, ku je gwajin tare, kowa ya ga an ɗebi jinin ɗan uwansa, ku karɓi sakamako tare, domin na taɓa ganin takardar AA da aka saya. Ku tambayi ranar da masu sikila ke ganin likita, ku zauna a bencin nan ko na awa biyu ne, ku gaisa da iyayen yaran, shi ma ya ji da kunnensa. Idan takardar ta fito ba ku gane lambobin ba, ki rufe sunanki ki turo min ta akwatin sirri, zan karanta miki. Allah ya zaɓa miki mafi alheri.