Amsa ga mai shirin zuwa karatu Ingila game da gwajin sankarar hanji

Assalamu alaikum, Malam. Ka ce shekarunka 43, kana shirin zuwa Ingila karatun digirin digirgir, kuma da yake sankarar hanji ce ajalin mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, kana so ka san ko da isowarka za a yi maka gwajin da ka ji ana yi wa jama'a kyauta. A shekarunka ba za a gayyace ka ba tukuna, amma akwai hanyar da ta fi dacewa da kai.

Shirin yana ƙarƙashin hukumar lafiya ta NHS. An fara shi a Ingila a 2006 ga 'yan shekara 60 zuwa 69, daga baya aka kai shi 74, sannan daga 2021 aka riƙa sauko da shekarun sannu a hankali har zuwa 50. Sikotilan da Wales su ma daga 50 suke farawa, Ireland ta Arewa kuwa daga 60. Babu wanda yake cike takardar neman shiga, domin daga rajistar likitan unguwa, wanda ake kira GP, ake ɗauko suna da adireshi. Wanda bai yi wannan rajista ba, ko da ya shekara ashirin a ƙasar, shirin bai san da zamansa ba.

Duk bayan shekara biyu wasiƙa takan iso gida, sai kayan gwajin su biyo ta. Wata 'yar kwalbar roba ce da ba ta wuce tsawon yatsa ba, mai ɗan tsinke a jikin murfinta. Mutum zai rubuta kwanan wata, ya dangwali bayan gidansa da tsinken sau ɗaya, ya rufe, ya jefa a akwatin gidan waya cikin ambulan da aka riga aka biya kuɗinsa. Wannan gwaji, mai suna FIT, a 2019 ya maye gurbin tsohon kati wanda sai an shafa masa samfuri daga zagayawa uku. Jinin da ido ba ya gani yake nema, kuma cibiyoyi biyar ne suke duba samfuran Ingila baki ɗaya. Sakamako yakan dawo cikin mako biyu.

Kusan mutum biyu cikin ɗari ne ake kira domin ƙarin bincike. Ma'aikacin jinya ƙwararre zai fara zama da mutum, sannan a ba shi maganin wankin ciki, a duba hanjin da siririyar na'ura mai kyamara ta dubura. Yawancinsu ba sankara ake samu ba; wani basir ne, wani kuma ƙananan tsiro ne da ake cirewa nan take tun kafin su rikiɗe. A ganina cire wannan tsiro shi ne babban amfanin shirin, shi ya sa nake takaicin dattawanmu da suke tura kwalbar cikin durowa saboda ƙyama ko kunya.

Kai kuma, da zarar ka sami masauki ka yi rajistar GP, wadda kyauta ce, ka gaya masa tarihin gidanku. Zai tambaye ka shekarun mahaifinka lokacin da aka gano cutar, da ko ta taɓa wani ɗan'uwa na jini, saboda haka ka taho da takardunsa na asibiti idan suna nan. Idan cutar ta kama shi da ƙuruciya ko ta maimaitu a dangi, ana iya tura ka wurin masana cututtukan gado, kuma waɗanda aka tabbatar suna da larurar Lynch, wata larurar gado mai ƙara haɗarin kamuwa da sankarar hanji, ana duba hanjinsu da kyamara duk shekara biyu. Kuɗin lafiyar da za ka biya tare da biza, wanda aka mayar fam 776 a shekara ga ɗalibai a 2024, ya ɗauke maka nauyin wannan bincike.

Gwajin gidan waya na waɗanda ba su da wata alama ne. Idan ka ga jini, ko yanayin bayan gidanka ya sauya har mako uku, ko kana ramewa ba dalili, kada ka ce basir ne ka kama jiƙo, kuma kada ka jira biza. Ka ga likita tun kana gida.