Amsa game da wurin ibadar 'yan Sikh na Makindu

Ɗan'uwa, farin ginin nan mai ƙubbobi da ka ce ka gani a garin Makindu na ƙasar Kenya, a kan hanyar Nairobi zuwa Mombasa, har kake tambayar asalinsa, wurin ibada ne na mabiya addinin Sikh, wanda su suke kira gurdwara.

Tarihinsa yana haɗe da layin dogon da Turawan Ingila suka fara shimfiɗawa daga Mombasa a shekarar 1896, suka kwaso dubban ma'aikata daga Indiya, cikinsu har da 'yan Sikh na yankin Punjab. Da yake Makindu tasha ce da jiragen ƙasa ke tsayawa su sha ruwa, sai wasunsu suka zauna a nan, kuma a 1926 suka gina wurin ibadar, aka yi ta faɗaɗa shi daga baya.

Abin da ya fi burge ni shi ne ɗakin abincinsu, wanda suke kira langar, inda duk matafiyin da ya shigo, ko wane ne addininsa, ake zuba masa wake da gurasa da shayi kyauta, ba tare da nama ba. Idan za ka shiga zauren ibadar, ka cire takalmi, ka kuma rufe kanka.