Amsa ga mai tambaya kan gilashin kyamara mai hana rawar hannu

Malam, ka tambaya ko ya dace ka ƙara kuɗi ka sayi gilashin zuƙowa na yau da kullum, irin su 17-50mm ko 24-70mm (lambobin suna nuna tsawon gilashin, wato iyakar zuƙowarsa), wanda aka sa wa na'urar hana rawar hannu, ko kuwa ka ɗauki ɗan'uwansa maras ita ka riƙe ragowar kuɗinka. Na daɗe ina aiki da iri biyun, kuma shawarata ta farko ita ce ka koma kan hotunanka da suka fito dishi-dishi, ka tantance abin da ya motsa a cikinsu, hannunka ne ko kuwa abin da kake ɗauka, domin na'urar nan ɗaya daga cikin biyun kawai take magancewa.

Aikinta shi ne jin karkatar kyamara a hannu, sai ta tura wani rukunin gilasai na ciki ya goce gwargwadon karkatar, ta yadda hoton da ke sauka kan sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, zai tsaya wuri guda. Canon na kiranta IS, Nikon na cewa VR, Tamron VC, Sigma kuma OS, amma manufar ɗaya ce. Da Canon ya fara sa ta a gilashin da ake cirewa a 1995, a kan 75-300mm ya sa ta, wato gilashin hangen nesa, saboda gwargwadon yadda gilashi ke zuƙo abu, gwargwadon yadda yake zuƙo rawar hannu. Shi ya sa tambayarka take da tushe, tunda a gilashin da bai wuce 70mm ba buƙatar ba ta kai ta mai dogon zango tsanani ba.

Tsohuwar ƙa'idar masu ɗaukar hoto ita ce kada saurin shota, wato saurin buɗewa da rufewar ƙofar da ke shigar da haske cikin kyamara, ya gaza ɗaya bisa tsawon gilashi. Idan kana kan 50mm, ka tsaya a 1/50 na daƙiƙa ko abin da ya fi haka sauri, in kuma kyamararka mai ƙaramar sensa ce, sai ka ninka tsawon da 1.5 ko 1.6, ka koma wajen 1/80. Na'urar tana ba ka damar sauka ƙasa da haka da wasu matakai, kowane mataki kuwa ninki biyu ne na lokaci: daga 1/60 zuwa 1/30, zuwa 1/15, zuwa 1/8, mataki uku ke nan. Kamfanoni kan rubuta huɗu ko biyar a jikin kwali, amma ni nakan cire ɗaya daga lissafinsu, musamman idan na gaji ko na sha tafiya numfashina bai daidaita ba.

Inda na fi ganin amfaninta shi ne cikin gini mai ƙarancin haske, inda ba a yarda da filasha ba, kuma babu wurin kafa sandar ƙafa uku. Na taɓa tsayawa gaban wata tsohuwar ƙofar katako mai sassaƙa, na ɗauke ta a 1/8 da ISO 400 (ISO shi ne ma'aunin yadda kyamara ke ƙara wa hoto haske), zanen ya fito tas har da tsagewar itacen da kan ƙusoshin da suka yi tsatsa. Ba don na'urar ba, da sai na koma 1/60, na ɗaga ISO zuwa 3200, inuwar ta cika da yashi-yashi, launin katakon ya dushe. Ga mai ɗaukar gine-gine, ɗakuna, kayan tarihi ko gari bayan faɗuwar rana, wannan bambanci kaɗai ya isa ya biya ƙarin kuɗin.

Amma ka ɗauki mutum yana jawabi a wannan hasken da 1/15 ka gani. Makirufo zai fito sarai, rubutun da ke bango a bayansa zai karantu, amma hannunsa da ya ɗaga zai zama kamar hayaƙi, bakinsa kuma ya shafe. Na'urar ta yi aikinta, sai dai ba ta da iko a kan mutumin. Mai magana yana buƙatar 1/125 ko fiye, yara masu guje-guje kuwa 1/500 ma wani lokacin ba ta isa. A irin wannan saurin, hannunka a kan 35mm ko 50mm ba shi da wata rawar da za ta bayyana, ka ga ke nan kuɗinka ya tafi a kan abin da ba ya yi maka aiki. Idan mutane ne yawancin abin da kake ɗauka, kuma zaɓinka tsakanin gilashi f/4 mai na'urar ne da f/2.8 maras ita (lambar f tana nuna faɗin kafar shigar haske, ƙaramar lamba ta fi faɗi), ka ɗauki f/2.8 ba tare da wani jinkiri ba, domin yana shigar da ninki biyu na haske, wanda ke nufin ninki biyu na saurin shota. Canon ya fitar da 24-70 f/2.8L na biyu a 2012 babu IS a cikinsa, ƙwararru suka yi ta cin abinci da shi, duk da cewa a shekarar ce Tamron ya fito da nasa mai VC, Nikon kuma ya sa VR a nasa a 2015.

Bidiyo kam babu jayayya. Idan a hannu za ka riƙa ɗauka, ka sayi mai na'urar, saboda ƙaramar rawar da ido ba ya lura da ita a hoto guda tana gajiyar da mai kallo cikin minti ɗaya.

Ba ka faɗi irin kyamararka ba, kuma wannan yana da muhimmanci ƙwarai. Da yawa daga cikin kyamarori marasa madubi na yanzu suna da tasu na'urar a jikinsu, wadda ke motsa sensa maimakon gilashi, kuma a gajeren zango tana aiki da kyau sosai. In taka haka take, ba na ganin dalilin biya sau biyu. In kuwa mai madubi ce ta Canon ko Nikon, babu komai a jikinta, gilashin ne kaɗai zai taimake ka, har ma zai tsayar maka da abin da kake leƙawa yayin da kake saita hoto.

Na'urar tana ƙara nauyi kaɗan, tana cin batir, kuma ƙarin abu ne mai motsi da zai iya lalacewa. Wasu tsofaffin gilasai suna so a kashe ta idan an kafa kyamara a kan ƙafa uku, in ba haka ba sai ta shiga gyaran rawar da babu. Idan na hannu za ka saya, ka kunna ta, ka danna maɓallin shota rabi, ka kasa kunne kusa da gilashin: 'yar ƙara siririya ba laifi ba ce, amma idan ka ji ƙwanƙwasa mai maimaituwa ko ka ga hoton yana tsalle a maleƙin kyamara, inda kake sa ido, ka ajiye shi ka nemi wani.