Me ya raba Minnesota da North Dakota a wasan hokin ƙanƙara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena yana karatu a Jami'ar Minnesota da ke Amurka, ya kamu da son wasan hoki da ake yi kan ƙanƙara. Ya ce min a da makarantarsu da ta North Dakota suna rukuni ɗaya, su ne manyan abokan hamayya, amma yanzu kowa yana nasa rukunin. Ni ƙwallon ƙafa na sani, inda sai ƙungiya ta faɗi take barin Firimiya. Wace ce ta faɗi a cikinsu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Babu wadda ta faɗi. A wasannin jami'o'in Amurka ba a hawa, ba a gangarowa. Rukuni can ƙawance ne da makarantu suke ƙullawa da kansu. Su tsara jadawalin wasa tare, su raba kuɗin talabijin, su fitar da zakaransu. Wadda ta hango inda ya fi maiƙo tana iya tattara nata ya nata ta tafi, ko ita ce ta ɗaya a teburi. Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ita ce ke shirya gasar ƙasa, ta ƙungiyoyi 16, kuma zakaran kowane rukuni yana samun gurbi kai tsaye, muddin rukunin ya kai makarantu shida. Riƙe wannan shidan, a kansa komai ya rataya.

Kafin 2013 manyan rukunoni biyu ne ke riƙe da yammaci da tsakiyar ƙasar, WCHA da aka kafa tun 1951 da CCHA ta 1971. Minnesota da Wisconsin da North Dakota da Denver duk suna WCHA. Michigan da Michigan State da Ohio State suna CCHA. Ƙarfin WCHA ya kai a 2005 ƙungiyoyi huɗun da suka je zagayen ƙarshe na ƙasa, wanda ake kira Frozen Four, duka nata ne.

Abin sha'awa a hokin jami'o'i shi ne makarantun da ke yin sa a babban mataki ba su wuce sittin da 'yan kai ba, don haka manya da ƙanana a tukunya ɗaya suke. Lake Superior State, 'yar ƙaramar makaranta ce a bakin iyakar Kanada, amma ta ɗauki kofin ƙasa a 1988 da 1992 da 1994. Irin waɗannan ƙananan suna jiran ranar da Michigan ko Minnesota za su zo garinsu, domin ranar ce filin ke cika maƙil, ranar ce ake samun na cefane.

Sai ga kyauta ta shigo. A Satumban 2010 wani attajirin iskar gas, Terry Pegula, tsohon ɗalibin Penn State, shi da matarsa Kim, suka bai wa makarantar dala miliyan 88, daga baya suka kai ta miliyan 102, don a gina fili a kafa ƙungiyar hoki ta babban mataki. A ido, ƙaruwa aka samu. Amma Penn State 'yar Big Ten ce, wato babban ƙawancen jami'o'in da suke ƙwallon ƙafa irin ta Amurka da kwando tare, wanda yake da tashar talabijin tasa tun 2007. Makarantun Big Ten biyar ne ke wasan hoki a lokacin, Minnesota da Wisconsin a WCHA, sai ukun nan na CCHA da na ambata a sama. Penn State ta cika ta shida. A Maris 2011 Big Ten ta sanar za ta buɗe nata rukunin hoki daga kakar 2013. Tasha tana buƙatar abin nunawa daren Juma'a da Asabar lokacin hunturu, ga shi ya samu a cikin gida.

Da manyan suka fita, masu ƙarfin da suka rage ba su tsaya jira ba. A Yulin 2011 North Dakota da Denver da Colorado College da Minnesota Duluth da Omaha da Miami ta jihar Ohio suka ce sun kafa sabon rukuni, NCHC. St. Cloud State da Western Michigan suka biyo su, suka zama takwas. Notre Dame ta nufi gabas, ta shiga Hockey East, daga baya a 2017 ta dawo ta jingina da Big Ten. CCHA kuwa ta wayi gari ba kowa, ta rufe a 2013, ragowar 'ya'yanta suka koma WCHA. To ka ji inda Minnesota da North Dakota suka rabu. Ɗaya ta bi danginta na Big Ten, ɗaya ta ja nata ayarin.

Mutane da yawa suna ɗora laifin duka kan Big Ten. Ni a ganina NCHC ta fi yi wa ƙananan illa. Tafiyar Big Ten dole ce, tunda makarantun nan tun asali gida ɗaya suke. NCHC kuwa zaɓi aka yi, aka duba wa ke da kuɗi da fili da magoya baya, aka bar saura a baya. Kuma lissafin nasu ya fita. North Dakota ta ci kofin ƙasa a 2016, Denver a 2017, Duluth a 2018 da 2019, Denver ta sake a 2022 da 2024, Western Michigan a 2025. Big Ten mai kuɗin, daga 2013 zuwa 2025 ko sau ɗaya ba ta ɗaga kofin maza ba. Michigan State ce ta ƙarshe cikin makarantunta, a 2007, tun tana CCHA. Kada ka faɗa wa ƙanenka wannan da ƙarfi.

Inda abin ya yi ciwo shi ne sabuwar WCHA. Ka ɗauko taswira ka duba: makarantu biyu a Alaska, Anchorage da Fairbanks, ɗaya a Huntsville ta jihar Alabama can kudu, sauran a warwatse a Michigan da Minnesota da Ohio. Ƙungiyar hoki ba ta tafiya da jaka ɗaya. Mutum kusan talatin ne, kowa da buhun kayan kariya da sanduna da takalman sulɓi, ga injin wasa kaifin takalman. Daga ƙaramin gari kamar Houghton ko Sault Ste. Marie sai an sha doguwar hanya a bas kafin a kai babban filin jirgi, sannan a kama hanyar Alaska. Makarantun Alaska sun daɗe suna tallafa wa baƙinsu da kuɗin tafiya, amma jihar ta shiga matsin kasafi, ga Michigan da Minnesota masu cika fili sun daina zuwa. A Yunin 2019 makarantu bakwai suka ce su ma sun tafi. Suka tono tsohon sunan CCHA suka farfaɗo da shi a 2021, suka ɗauki St. Thomas ta zama ta takwas. Ukun da aka bari su ne na Alaska biyu da Huntsville. Ɓangaren maza na WCHA ya mutu a shekarar, yana da shekara 70, na mata ne ya ci gaba. Huntsville ta dakatar da wasan a 2021 don ta rasa rukunin da zai karɓe ta. Anchorage sai da magoya baya suka yi karo-karo kafin ta dawo a 2022, ba ta da rukuni, kamar Fairbanks. Wanda ba shi da rukuni kuwa ba shi da gurbin kai tsaye, kuma a watan Fabrairu, lokacin da kowa ya shagala da wasannin rukuninsa, da kyar yake samun abokin karawa.

Har yanzu ƙurar ba ta lafa ba. Augustana ta shiga CCHA a 2023, Arizona State daga hamada ta shiga NCHC a 2024, St. Thomas ma ta sanar da komawa NCHC daga kakar 2026.

Hamayyar da ƙanenka yake magana ba ta mutu ba, sai dai ta zama ta jefi-jefi, sai makarantun sun shirya wasa tsakaninsu a wajen rukuni, ko gasar ƙasa ta haɗa su. Shekarar farko bayan rabuwar ma haka aka yi. A Afrilun 2014 suka haɗu a wasan kusa da na ƙarshe a Filadelfiya, ana ɗaya da ɗaya, Minnesota tana wasa da ragin mutum ɗaya, ɗan wasanta Justin Holl ya jefa ƙwallon nasara saura ƙasa da daƙiƙa guda a tashi. Tambaye shi wannan wasan, ko bai shiga makarantar ba a lokacin, na tabbata an ba shi labari. Kwana biyu bayan haka Union, wata ƙaramar kwaleji a jihar New York, ta lallasa Minnesota da ci 7 da 4 ta tafi da kofin.