Tambayoyinku: Wai me ya sa ƙin rawa ke zama laifi a littattafan soyayyar Ingila na da?

Tambaya: Anti barka da aiki. Ina son littattafan soyayyar Ingila na zamanin da, amma abu ɗaya na ɗaure min kai, budurwa ta ƙi rawa da saurayi a wajen liyafa sai a yi ta tsegumi kamar ta yi wani babban laifi. Kuma me ya sa kusan dukkansu fararen riguna suke sawa, rashin kuɗi ne?

Amsa: Yawwa ƙanwata. Yawancin labaran nan sun faru ne wajen 1811 zuwa 1820, lokacin da ɗan sarki ke riƙon sarautar Ingila, kuma a lokacin zauren rawa nan ne wajen neman aure. Budurwa 'yar manyan gida ba ta keɓewa da namiji, ko'ina ta je uwarta ko wata dattijuwa na biye da ita, to rawar nan da kan kai rabin awa ita ce kusan kaɗai damar da za su yi hira ba kunnen kowa. Shi ya sa aka kewaye ta da dokoki. Namiji ba ya neman rawa sai an gabatar da shi, in kuma ta ce masa a'a to dole ta zauna, ba damar tashi da wani, don hakan cin fuska ne. In ta yi rawa da mutum ɗaya fiye da sau biyu, shikenan gari ya ɗauka an yi baiko. Ni wallahi tausayinsu nake ji, don gado yawanci ɗa namiji ke ci, makomar mace gaba ɗaya na rataye a kan wanda ta aura.

A wani zauren rawa na Landan da ake kira Almack's ma, a wancan zamanin wasu manyan mata ne ke zaɓar wanda zai samu tikitin shiga, kuɗinka ba zai shigar da kai ba.

Farar riga kuwa ba talauci ba ne, gayu ne. Yadin muslin ne mara nauyi, mafi kyawunsa daga Indiya ake kawowa, ana tattare rigar daga ƙasan ƙirji ta sauko har ƙafa, a haɗa da doguwar safar hannu da takalmi mara tsini. Fari saurin datti gare shi, duk wadda ta saka ana sanin gidansu akwai masu wanki. Manyan rigunan nan masu buɗewa kamar lema sai wajen 1856 suka yi tashe, zamanin Sarauniya Victoria, kar ki haɗa su.