Amsa ga ɗan'uwan da ya tambaya kan maimaita wa Baba hoton MRI

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, Ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar da kake yi. Na karanta bayaninka: an gano masa tsagewar babbar jijiyar jini a Kano watannin baya, ba a yi aiki ba, an ɗora shi kan magani, yanzu ya warware har yana leƙa gona, amma likita ya ce a riƙa dawowa hoton MRI. Kana tambaya ko dole ne, tunda kuɗin da yawa kuma daga wajen Garki kuke tasowa, ko hoton ƙirji da sikanin na kusa da ku za su wadatar.

Dole ne. Ni ma'aikacin lafiya ne a ƙaramin asibitin ƙauyenmu a ƙasar Ɗambatta, kuma yayana yana ɗauke da wannan larura shekaru, ni nake kai shi. Zan faɗa maka dalili yadda za ka iya mayar wa Baba da ’yan'uwanka, don na san a gida za a fi ja da kai.

Jijiyar nan, da likitoci ke kira awota, ita ce ke ɗauko jini daga zuciya ta lanƙwaso ta gangara bayan ƙirji har ciki. Bangonta hawa uku ne. Ka san tiyon ban ruwa na lambu idan shimfiɗar cikinsa ta ɗaye, ruwa ya kutsa tsakanin robar ciki da ta waje yana kumbura shi? To haka ya faru. Jini ya yi wa kansa ɓarauniyar hanya a cikin bangon. Magani ya saukar da ƙarfin bugun, ciwo ya lafa, amma hanyar nan ta biyu a yawancin mutane tana nan, kuma bangon da ke riƙe da ita ya fi na asali rauni. Shi ke buɗewa a hankali, sau da yawa ’yan milimita a shekara, ba tare da mutum ya ji komai ba. Baba zai iya cin tuwonsa ya je masallaci ya dawo lafiya lau, alhali faɗin jijiyar na ƙaruwa. Jin daɗin jikinsa ba ya gaya mana faɗinta.

Tunda ba a yi masa aikin gaggawa ba, ina kyautata zaton irin wadda ake kira nau'in B ce, wato tsagewar tana ɓangaren da ya gangara, ba wanda ya taso daga zuciya ba. Idan ta haura kwana 90 sai a ce ta zama daɗaɗɗiya, kuma daga nan aikin ya koma na awo. A lafiyayyen mutum faɗin wannan ɓangaren bai cika wuce santimita 2 zuwa 3 ba. Ƙa'idar da likitocin zuciya na Amurka suka fitar a 2022 ta ce a yi hoto bayan wata 1, wata 6, wata 12, daga nan duk shekara in abu ya tsaya cik. Kuma idan faɗin ya kai santimita 5.5 ake fara maganar gyara, ko kuma in an ga yana ƙaruwa da sauri. Gyaran da aka shirya masa, aka nemi kuɗi, aka zaɓi rana, ba ɗaya yake da wanda aka yi bayan jijiya ta fashe ba. Wanda ta fashe masa a ƙauye ma da wuya ya iso Kano.

Hoton ƙirji inuwa kawai yake nunawa, ba ya raba hanyar gaskiya da ɓarauniyar. Sikanin zuciya yana ganin gindin jijiyar da kyau, amma ɓangaren da ke bayan ƙirji huhu da haƙarƙari sun tare shi. Saura CT da MRI, kuma duka biyun suna aunawa daidai. Abin da ya sa ake karkata ga MRI wajen bibiya shi ne abu ne da za a yi ta yi har ƙarshen rayuwa. CT na amfani da hasken eksire mai yawa, wanda ke taruwa a lissafin mutum shekara bayan shekara, ga ruwan allurar da ake ɗura masa mai sinadarin aidin da kan wahalar da ƙoda, alhali mai hawan jini dama ƙodarsa a takure take. MRI maganaɗisu ne, babu wannan hasken. Yana kuma nuna ko jini na gudu a ɓarauniyar hanyar ko ya daskare a ciki, abin da likita ke son sani sosai. Shi ma yana da ruwan allurarsa, gadoliniyam, wanda ake kaffa-kaffa da shi ga mai ciwon ƙoda mai tsanani, shi ya sa ake neman gwajin ƙoda tukuna. Ana ma iya auna faɗin ba tare da allurar ba, sai ka tambaya.

A ra'ayina, ga dattijo irin Baba, in wata shekara MRI ya gagara saboda kuɗi ko na'ura ta tsaya, likita ya amince da CT, ku yi CT ɗin. Shekarar da aka tsallake ta fi kowanne illa.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne faifan CD da ake saka hoton a ciki. Hoto ɗaya shi kaɗai amfaninsa kaɗan ne, sai an jera shi da na baya. Duk lokacin da aka yi, ka karɓi faifan CD, ba takardar sakamako kaɗai ba, ka rubuta kwanan wata a jiki, ka adana a leda inda zafi da ƙura ba sa kaiwa. Ranar hoto na gaba ka tafi da su duka, ka miƙa wa mai karanta hoton ka ce ya gwada da na bara. Kuma ku lizimci wuri ɗaya in da hali. Yayana an taɓa rubuta masa faɗin santimita 4.2, shekara ta zagayo a wani wurin daban aka rubuta 4.5, hankalin gida duk ya tashi. Da likitansa ya ɗora faifan biyu a kwamfuta ya auna a gurbi ɗaya, sai ga shi bambancin bai kai haka ba. Jijiyar a lanƙwashe take, wanda ya yanka awonsa a karkace zai samu lamba mafi girma. Milimita 1 ko 2 na iya zama bambancin hannu kawai.

Kafin ku kama hanya ka kira ka tabbatar na'urar na aiki ranar, ka kuma tambaya ko mai ƙarfin Tesla 1.5 ce (Tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisun na'urar), don ƙananan nan buɗaɗɗu da ake hoton baya da gwiwa da su ba su cika dacewa da jijiyar ƙirji ba. Baba zai kwanta cikin rami mai ƙara kamar minti 30 zuwa awa guda, ana cewa ya riƙe numfashi na daƙiƙa 15 zuwa 20. Ku riƙa gwadawa a gida tun mako guda kafin ranar, kuma ka roƙa a ba shi umarnin da Hausa, don in ya motsa hoton ya lalace, kuɗi sun tafi. Laya, guru, zobe, agogo, duk a cire a waje. In yana da na'urar bugun zuciya, ko wani ƙarfe a jiki, ko ya taɓa ƙira ko walda har ɓarɓashi ya shiga idonsa, a faɗa tun kafin a shiga.

Tsakanin hoto da hoto kuwa, awon hawan jini ne aikinku. A nemi ya zauna ƙasa da 130 bisa 80, bugun zuciya wajen 60. Maganin da ke rage bugun, irin su atenolol ko bisoprolol, ba a yanke shi rana ɗaya don an ji sauƙi ko ya ƙare ranar da ba kasuwa. Zuwa gona ba laifi, amma ɗaga buhun gero, turin amalanke da faskare ya bar wa yara. A rage gishiri da dunƙule a miyarsa, taba kuwa a bar ta sam. Sannan ka gargaɗi mai kemis ɗinku: cipro, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake ba kowa da sunan taifod, hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2018 cewa shi da danginsa na ƙara haɗarin tsagewar wannan jijiya. Kada a ba Baba sai likitansa ya sani.

Ranar da ya ji ciwo mai tsanani farat ɗaya a ƙirji, ko gadon baya, ko ciki, ko ƙafa ta yi sanyi ta mutu, ko ya suma, babu jiran ranar MRI. A nemi mota a nufi babban asibiti irin na Malam Aminu Kano, da faifan a hannu; a irin wannan halin CT ake yi don shi ne mai sauri.

Ka ɗauko takardar hoton farko ka nemo inda aka rubuta faɗin jijiyar da santimita ko milimita. Wannan lambar za ka fara tambayar likita a kanta in kun koma, ka kuma tambaye shi ko ku ’ya'yan Baba da ƙannensa kuna bukatar a duba ku, don wani lokacin abin na bin jini.