Zauren Masu Haɗa Ƙananan Motoci: Fenti, Ma'auni da Ƙurar Hanya

Tambaya: Baba, barka da aiki. Kawuna ya kawo mini tsarabar ƙaramar mota ta roba daga Yawunde, irin wadda ake haɗawa gunduwa-gunduwa, an rubuta 1:24 a kwalin. Na haɗa ta, na karɓo ragowar fenti a gareji na shafa mata. Kafin la'asar jikinta ya yamutse, gilashin kuma ya yi fari fat. Ta gyaru ko in haƙura? Daga wani ɗalibi, Yelwa, Garwa.

Amsa: Ɗana, ɓarna biyu ce ta haɗu maka. Robar irin waɗannan motoci, wadda ake kira folistirin, ba ta shiri da tinar da muke sirka fentin manyan motoci da shi. Tinar narkar da ita yake yi. Farin da ya rufe gilashin kuwa aikin gam ɗin nan ne mai kamawa nan take: tururinsa ke sauka a kan roba mai haske ya daskare. Gilashi da fitilu, farin gam na kafintoci ake sa musu, ɗigo kaɗan a bakin tsinken sakace. In ya bushe ba a ganinsa.

Idan yamutsewar ba ta ci ciki ba, motarka za ta tashi. Ka jiƙa bodin a man birki ya kwana, ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka wanke da sabulu sosai, hannunka cikin safar roba. Sai samfefa mai lamba 400, sannan 800, kana yi kana tsoma ta a ruwa. Inda ya lotsa ka cike da foti, wato ƙullin nan da ake cike lotsin jikin mota da shi, ɗan mitsitsi. Bayan nan fentin shimfiɗa mai ruwan toka, siriri, kafin launin da kake so.

Amma abin da takardar cikin kwali ba za ta faɗa maka ba shi ne yanayin garinmu. Waɗanda suka rubuta ta suna Japan ko Jamus, ba su san Garwa a watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40. A irin wannan rana fentin feshi yakan bushe a iska kafin ya isa jikin motar, sai ya sauka da tsakuwa-tsakuwa. Ni bayan sallar asuba nake feshi, tazarar taƙi guda tsakanin gwangwani da bodi, shafi uku marasa kauri da hutu a tsakaninsu. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba: ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin, da ka gama ka kife kwali a kanta. Kada ka kuskura ka shanya ta a rana don ta yi saurin bushewa, rufin zai lanƙwashe. Gilashin da ya yi fari, gwada man goge baki da auduga. In ya ƙi, yanko sabo daga gorar ruwa.

Tambaya: Malam, ina da Peugeot 504 ta ƙarfe, 1:43. Fes take kamar ba ta taɓa taka ƙasa ba. So nake in mai da ita irin wadda mahaifina ya yi haya da ita tsakanin Marwa da Kusiri. Ta ina zan fara? Daga wani tela, Domayo, Marwa.

Amsa: Wannan tambaya ta yi mini daɗi, ƙanena. Kamfanoni irin su Norev da Majorette na Faransa, ko Matchbox da ya fara a Ingila a 1953, motar da ta fito daga masana'anta suke ƙerawa. Babu mai ƙera irin wadda ke bin hanyar Waza, tsakanin Marwa da Kusiri, wadda kaya suka danne bayanta, ƙofa guda launinta daban. In muna so, mu za mu yi.

Fara da lissafi. 1:43 na nufin kowane santimita 43 na babbar mota ya koma santimita 1. Ita 504, wadda ta fito a 1968 aka kuma daɗe ana haɗa ta a Kaduna, tsawonta ya kusa mita huɗu da rabi, shi ya sa taka ta ɗan haura santimita 10. Duk abin da za ka ɗora mata dole ya bi wannan rabo. Mutum mai tsawon santimita 172 zai zama santimita 4 daidai. Buhun gero bai wuce santimita 2 ba. Nan ne mafi yawan masu wannan sha'awa ke zamewa: a yi aiki mai kyau, sai a ɗaure kaya da igiyar da in aka mayar da ita girmanta na gaske ta kai kaurin cinyar mutum. Kai tela ne, zaren ɗinki ma ya ishe ka, kuma ƙyallen buhu ka zaɓi mai saƙa ƙanana.

Juya motar za ka ga ƙusoshi masu faɗin kai da suka riƙe ƙasanta. Huda kawunansu a hankali da ƙaramin bakin injin huji, bodin zai rabu da kujeru da gilashi. Shi bodin gamin tutiya ne, tina ba ya yi masa komai, amma ka nisanta sauran kayan robar. Kariyar ɗora kaya ta saman rufi ka lanƙwasa ta da wayar tagulla ta tsohuwar wayar lantarki. Tamfol kuwa, takardar goge hannu ce za ka jiƙa da farin gam da aka sirka da ruwa, ka lulluɓa wa kayan tun tana ɗanye, ta bushe da ƙunƙurarta. Don bayan ya zauna, ka ɗan faɗaɗa ramin sandar tayoyin baya zuwa sama, milimita ɗaya ya isa.

Sai ƙura. Ban yarda da masu tsoma mota gaba ɗaya cikin launin ƙasa ba. Je tasha ka tsaya ka kalli inda datti ke zama: bayan tayoyi, ƙasan ƙofofi, gilashin baya, da gefen da magogin gilashi ba ya kaiwa. Daka alli mai launi ko busasshiyar ƙasa, tankaɗe da ƙyalle, shafa da busasshen buroshi. In kana da hoton motar Baba, shi ne malaminka, har lambarta ka kwafa.

Tambaya: Kawu, a nan ban taɓa ganin ana sayar da na haɗawa ba. Da gwangwani da silifa nake yin nawa, amma kullum sai su fito wani iri. Daga wani yaro, Injamena.

Amsa: Kayan aikinka ba su da laifi, ɗana, tayar ce ke ba ka kunya. Taya ta fi komai wuyar ƙerawa, don haka ita ake fara samu, sannan a auna sauran mota da ita. Tayar Land Cruiser ta kai kusan santimita 80 a tsaye. In murfin gorar da za ka yi taya da shi santimita 3 ne, ma'auninka ya zama kusan 1:27. Ari tef ɗin awo, nemi izinin direba, auna tsawon motar, faɗinta, tsayinta da tazarar tayar gaba da ta baya, ka raba kowanne da 27. Zana a kwali tukuna, ka yanka ka gwada, sannan ka taɓa gwangwani. Bakin gwangwanin kuma ka ninke shi ciki da filaya saboda yatsunka da na ƙannenka.